Jan Alƙalami a Kan Rijiyar Malam Babba

Ranar Laraba da hantsi aka mayar wa dangin Falalu kayan aurensu.

Safara'u, wadda aka kawo kayan dominta, ba ta nan aka yi. Tana can ƙaramin asibitin Birnin Tudu inda take aikin jinya, a durƙushe bayan ɗakin yara tana wanke bokitan amai. Kwana tara ke nan da janyewar ambaliya, tun da dam ɗin Bakolori ya cika ya tumbatsa, gulbi ya haura ya shigo gari har gwiwa. Ruwan ya koma, amma ya bar ciwo a bayansa. Yara goma sha ɗaya ne kwance a ɗakin da aka yi don mutum shida, duk amai da gudawa, kuma takwas daga cikinsu 'yan Shiyar Malamai ne, unguwar su Safara'u.

Warin ya kama mata hijabi, ya kama mata fata. Ko ta wanke hannu sau uku da sabulu, da ta kai loma baki sai ta ji shi a yatsunta.

Bayan azahar ta koma gida, ta shiga ɗakin Gwaggo Baturiya, yayar mahaifinta, wadda ta rene ta tun rasuwar mahaifiyarta. Bayan ƙofa, inda akwatuna biyu suka yi wata uku a ajiye, babu komai sai shatinsu a kan leda.

"Gwaggo, ina kayan da anka aje nan?"

Gwaggo ba ta ɗago daga tsintar shinkafa ba.

"Sun koma inda sunka hito."

"Dosara?"

"Da wani gari sunka hito?"

Safara'u ta dafa bango.

"Gwaggo, saura wata ɗaya hwa. Mi ya yi?"

Nan Gwaggo ta ture faifan gefe.

"Ke kika tambaya ta mi yay yi? Rijiyar da kakanki Malam Babba yag gina da hannunai, shekara sittin da ɗoriya. Rijiyar da anka wanke allunan garin ga da ruwanta. Mata na tahowa tun daga Dakko da galan don albarkarta. Ita wanga yaro yaz zana ma jan alƙalami, yac ce najasa ce! Najasa, Safara'u! Gaban masallaci anka karanta takardar, ubanki na zaune, kunya kamar ƙasa ta buɗe ya shige. Shi za mu ba ɗiya?"

"Wa ya karanta ta a masallaci?"

"Alhaji Arzika, Allah shi yi mai albarka. Shi kaɗai yat tsaya ma mutuncin gidan ga."

Safara'u ta kawar da kai. Jin sunan kaɗai ya sa ta juya ta bar ɗakin.

Falalu mutumin Dosara ne ta ƙasar Maradun, ya karanta ilimin ƙasa da ruwan da ke cikinta. Shekara biyu suna tare, iyaye sun sani, an sa rana. Bayan ambaliya wata ƙungiya ta turo shi da abokan aikinsa su auna garuruwan bakin gulbi, a gano inda ruwan sha ke cikin haɗari. Kowa a Shiyar Malamai ya gan su. Sukan kafa turakun ƙarfe huɗu a jere, su ja wayoyi zuwa wani akwati mai batir, su tura wuta cikin ƙasa, su rubuta lambar da akwatin ya nuna, sannan su ƙara nisan turakun su sake.

Ta taɓa tambayarsa amfanin wannan wahalar. Ya ce mata yadda wuta ke wucewa a laka daban, yadda take wucewa a yashi daban, don haka ba sai sun tona ba suke sanin abin da ke ƙarƙashi. Inda laka mai kauri ta rufe ruwa, ƙazantar sama ba ta isa gare shi. Inda yashi ne zalla tun daga sama har ƙasa, duk abin da aka zuba a sama sai ya sauka.

A kewayen rijiyar Malam Babba yashi ne zalla.

Daga sama da rijiyar kuma, taku arba'in, akwai masai bakwai da ambaliya ta cika ta fasa, da turken shanun kiwo na Alhaji Arzika, da sitonsa na takin zamani wanda ruwa ya jiƙa.

Daren nan Safara'u ba ta ci tuwo ba. Ta kalli randar tsakar gida, ta kalli moɗar da ke kife a kai, ta koma ɗaki da ƙishirwarta.

* * *

Washegari da la'asar Falalu ya zo asibiti a kan babur. An hana shi ƙofar gidan su Safara'u, don haka ya tsaya a gindin dogon yaro, ya aika wata mai jinya ta kira ta.

Ya rame. Idanunsa sun yi ja, rigar ma ta jiya ce.

Suka gaisa doguwar gaisuwa kamar baƙi, ya aiki, ya gajiya, ya masu jiki, ya mutanen gida. Da gaisuwar ta ƙare sai hawayenta suka zubo.

"Falalu, don mi ba ka taho wurin Baba kai da kanka ba? Ka san shi. Da ka zauna gabanshi ka yi mishi bayani cikin sirri, da ba a kai nan ba."

"Na so hakan, wallahi. Na ji nauyi. Ta yaya zan dibi surukina in ce mishi rijiyar mahaihinshi ta lalace? Sai na nemi wanda yake jin maganarshi. Anka ce mini Alhaji Arzika, tsohon ɗalibinshi ne, kullum suna tare. Na kai mishi takarda, na roƙe shi ya shigar da maganar a hankali."

"Ka ɗauki wuƙa ka miƙa mishi da hannunka."

"Ban san shina sonki ba."

"Garin ga duka sun sani, kai kaɗai ne ba ka sani ba! Sau biyu yana aiko wa Gwaggo, ina cewa a'a."

Falalu ya sunkuyar da kai.

"Kuma ban rubuta najasa ba, Safara'u. Wagga kalma tashi ce. Ni cewa na yi ruwan masai na shiga rijiya, a dakatar da sha. Ban tsaya ga akwati kaɗai ba, na ɗebi ruwan na kai Sakkwato anka gwada. Abin da sunka gani a ciki, ba zan iya hwaɗa miki ba kina tsaye."

"Ba sai ka hwaɗa ba. Ni nike wanke shi kullum."

Ya waiga dama da hagu, sannan ya sa hannu a jaka ya zaro wata takarda a ninke.

"Jiya Alhaji Arzika ya kira ni Mafara, shagonshi. Ya ce ba shi son ya raba mu. Ya ce in na gyara rahoton kahin in miƙa shi ga ƙungiya ranar Litinin, shi da kanshi zai je ya ba Malam haƙuri, a maido kaya."

"Ka gyara yaya?"

"In ɗauke jan haɗari daga kan rijiya, in sa rawaya. In rubuta cewa ana buƙatar ƙarin bincike. Ba ƙarya ce ƙiri-ƙiri ba, ana rubuta haka. Bayan biki sai in koma in sake awo, in hwaɗi gaskiya. Wata ɗaya ne kawai."

Ta karɓi takardar. Taswirar unguwarsu ce, ga masallaci, ga gidansu, ga rijiya. An shafa mata rawaya mai haske, kamar ba komai. A ƙasa ga wurin sa hannu, bai sa ba tukuna.

Ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ɗago ta dube shi, irin kallon da bai taɓa gani a fuskarta ba.

"Kai ka buga wagga?"

"Don ke na yi."

"Kada ka sa sunana a ciki!"

Muryarta ta tashi har wata mata da ke shanya zane ta juyo.

"Wata ɗaya kawai? Ka san abin da wata ɗaya ke nufi a ɗakin can? Taho in nuna maka Taiba, ɗiyar mai gyaran keke, shekararta uku. Jiya mun nemi jijiya a hannunta mun rasa, sai a kai munka sa mata ruwa. Uwarta na zaune tana ba ta ruwan rijiyarmu da cokali, wai don albarka, sai da na ƙwace. Kai kuma ka zauna gaban na'ura, ka zaɓi launi, ka shahwa. Hannunka bai yi rawa ba?"

"Safara'u, ba ni iya rasa ki."

"Ai ka kusa. Jiya da anka maida kaya na yi kuka don ina sonka. Yau ina dubanka, wallahi abin da nike ji in na buɗe bokitin can shi nike ji."

Maganar ta shige shi. Ya ja baya kamar an mare shi, idanunsa suka cika.

"Haka na koma a wurinki?"

"Haka wagga takarda ta maishe ka. Kana tsammanin in ka sa hannu Arzika zai bar maka ni? Riƙe takardar zai yi, ya nuna ma Baba, ya ce ga mutumin da ke sauya magana don mace. Ko da ma zai bar maka, ni ba ni zuwa. Ba ni shiga lalle ana ɗaukar gawar yara ta ƙohwar gidanmu."

Ta cusa masa takardar a ƙirji.

"Ka miƙa wadda ka ga dama ranar Litinin. Ni ina da aiki."

Ta juya. Sai da ta shiga bayan ɗakin magani, inda ba mai ganinta, ta durƙusa ta toshe baki da hijabi ta yi kuka har kafaɗunta na rawa.

* * *

Ranar Juma'a bayan la'asar Alhaji Arzika ya zo zance.

Tun rana Gwaggo ke kai da kawo. Ta sa an share zaure, ta shimfiɗa sabuwar darduma, ta kunna turaren wuta.

"Ki hita ki gaishe shi da mutunci. Mutum ne mai shanu da gonaki, ga gida Mafara mai bene. Kuma shina ganin girman ubanki, ba kamar wancan mai wayoyi ba."

"Gwaggo, ba ni sonshi."

"Wa yat tambaye ki so? Gaisuwa nic ce. Ungo, kai mai ruwa."

Gwaggo da kanta ta zura guga a rijiya, ta cika kofin silba, ta ɗora a faranti. Safara'u ta so ta ƙi, sai kuma wani tunani ya zo mata. Ta karɓa.

Yana zaune ya baje babbar riga, ya cika zauren da turare mai hawa kai. Mutum ne mai kimanin shekara arba'in da biyar, mai yawan murmushi, yana sakace haƙori da tsinke. Motarsa na ƙofar gida.

Ta durƙusa daga nesa ta gaishe shi, ta tura masa farantin.

"Ga ruwa, Alhaji. Na rijiyar Malam Babba ne, yanzu anka jawo."

"Madalla, madalla! Ruwan albarka. Da shi munka girma."

Ya ɗaga kofin, ya yi bisimilla da ƙarfi yadda na cikin gida za su ji, ya kai baki. Tana kallon maƙogwaronsa. Bai motsa ba. Leɓensa ma a rufe yake. Ya sauke kofin, ya yi hamdala, ya goge baki da hannun riga sosai, har sau biyu.

Ya shiga magana. Ya ce shi ba ya son tashin hankali. Ya ce yaran boko ba su san girman na gaba ba. Ya ce ya gama gyara sashen sama, an sa tayil, an sa fanka. Ita dai idonta na kan kofin.

"Alhaji, ba ka sha ba."

"Na sha mana."

"Kofin na nan yadda na kawo shi. Ka shanye, in ƙaro maka. Ai kai ka tsaya gaban masallaci ka ce lahiyarshi lau."

Murmushin ya ɗan ragu. Ya leƙa ƙofar cikin gida, ya ga ba kowa, ya rage murya.

"Safara'u, ke ma'aikaciyar asibiti ce, ba yarinya ba. Mu bar wasa. Ni cikina ba shi ɗaukar kowane ruwa. Katan-katan na ruwan gora nike aje wa a mota, ko alwala da shi nike in na shigo garin ga."

"Ka san ruwan ya lalace ke nan."

"Wa bai sani ba? Ko hanci ya isa ya gaya miki."

"Kuma ka tashi gaban jama'a ka ce ƙarya ne."

Ya yi 'yar dariya, ya jefar da tsinken a kan dardumar Gwaggo.

"Diba nan. In wagga takarda ta wuce, za a ce in ɗauke shanuna, in ɗauke sitona. Shanu arba'in, ina zan kai su da damina? Mutanen ga kuwa sun saba. Tun kakanninsu suke sha, cikinsu ya ƙeƙashe. Kowace shekara ana ɗan yin gudawa, ta wuce. Ke dai ba ruwanki. In kin tare gidana, ko wanka da ruwan burtsatse za ki yi, ba ki ƙara ganin guga."

Ya miƙo hannu zai ja gefen farantin, yatsunsa suka nufi nata. Ta janye da sauri har kofin ya tuntsure. Ruwan ya gangara wajensa. Alhaji Arzika ya zabura ya tattare rigarsa sama, ya ɗage ƙafafu biyu kamar wanda ya ga maciji.

Ta miƙe tsaye tana kallonsa a haka, ƙato da shi, ƙafafu a sama, yana gudun ruwan da ya ce 'ya'yan mutane su sha.

"Kwana goma sha ɗaya ina kwasar amai da kashi," ta ce a hankali, "ban ga abin da ya tada mini zuciya kamarka ba. Kada ka ƙara aiko ma Gwaggo."

"Za ki yi nadamar wagga magana."

"Ka ɗauki tsinkenka in za ka hita."

* * *

Ba ta bi ta ɗakin Gwaggo ba. Kai tsaye ta wuce turakar mahaifinta.

Malam Jibrin na zaune a kan buzu da littattafai a gabansa, amma ba karatu yake ba. Dattijo ne siriri mai ƙarancin magana, wanda ya shekara talatin yana karantar da manya da yara a wannan zauren. Tun ranar da aka karanta takarda a masallaci bai ce mata uffan ba.

Ta yi sallama, ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Baba, ina neman izini in yi magana. In na yi rashin kunya ka yahe mini."

"Ina jin ki."

Ta faɗa masa duka. Yadda Falalu ya ji nauyi ya bi ta hannun Arzika. Yadda Arzika ya ƙara kalmar da ba ta cikin takarda. Yadda ya ɗaga kofi bai sha ba, da abin da ya ce game da shanunsa da cikin mutane. Ba ta ɓoye takardar rawaya ba, ita ma ta faɗa, ko da yake muryarta ta karye a wurin.

"Baba, ba don aure nike magana ba. In ka ce ba ni auren Falalu, na haƙura. Amma kai ka karantar da mu cewa in warin ruwa ko launinshi ya sauya da ƙazanta, ba a tsarki da shi. Don Allah ka sa a jawo guga ɗaya ka sunsuna."

Malam ya rufe littafin da ke gabansa. Sannan ya nuna wata ƙaramar randa a kusurwar ɗaki, wadda ba ta taɓa lura da ita ba.

"Kin san mi ke ciki?"

"A'a, Baba."

"Ruwan sama. Ni nike tara shi da kaina a indararo. Kwana takwas ke nan da shi nike alwala."

Da farko ba ta gane ba. Da ta gane, sai ta ɗago ta dube shi.

"Ka sani?"

"Tun kahin yaron ya kawo wayoyinshi. Na ɗebo da asuba zan kurkure baki, na ji."

"Baba..." Hawaye suka zubo mata. "Ka tsare sallarka, ka bar yara na sha?"

Ba ta taɓa yi masa magana haka ba. Ta jira tsawa. Maimakon haka sai ta ga gemunsa na rawa.

"Na ce ma kaina kwana biyu ne, zai washe. Na ce in na buɗe baki, za a ce albarkar Malam Babba ta ƙare a hannun ɗanshi. Da Arzika ya tashi a masallaci yana kare ni, na ji daɗi, Safara'u. Na san ƙarya yake, na ji daɗi. Kullum in anka ce an kai wani yaro asibiti, sai in shigo nan in rufe ƙohwa."

Ta kasa kallonsa. Duk rayuwarta, in aka ce gaskiya, fuskarsa take gani. Yanzu ga shi zaune kusa da randarsa ta ɓoye, kuma abin da ta ji game da Arzika da Falalu yana neman ya taso mata game da shi. Ta runtse ido tana roƙon Allah kada ya bar wannan ya zauna mata a zuciya.

Malam ya share fuska da rawani, ya miƙe.

"Kira mini Isa kahinta. Ki ce ya taho da katako da ƙusa da kwaɗo."

Kafin a kira magariba an rufe rijiyar. Malam da kansa ya danna kwaɗon, ya sa makullin a aljihu. Gwaggo Baturiya ta zauna daɓas a tsakar gida ta ɗora hannu a ka.

"Jibrin, rijiyar ubanmu! Ka bari ɗiya ta juya ka!"

"Yaya, ba ita ta juya ni ba. Tashi ki zubar da na randa."

Bayan sallah ya tsaya a gaban sahu ya gaya wa jama'a cewa ruwan ya gurɓata, ya sani tun tuni ya yi shiru, yana neman gafarar Allah da tasu, musamman masu yara a kwance. Ya ce duk wanda ke da ruwan rijiyar a gida ya zubar, wanda za a sha kuma a tafasa. Alhaji Arzika bai tsaya addu'a ba.

Da Malam ya dawo ya kira ta.

"Na rufe rijiya don tsoron Allah, ba don yaron ga ba. Shi ma da laihinshi. Ya ga abin da zai kashe mutane, ya tsaya jin nauyi, kamar yadda na yi. Har ya yi tunanin sauya launi. Ba ni ba da ke ga mai irin raunina sai na ga ya warke."

"To, Baba."

"Daga gobe matan shiyar ga za su yi tahiya mai nisa da tulu. Shi ya nuna mana inda ruwa ya lalace, to ya nuna mana inda yake da kyau. Ya ɗauko wayoyinshi ya nemo wuri, mu haɗa hannu a gina. Ranar da munka sha ruwan, ya turo magabatanshi su dawo da kayansu."

* * *

Ranar Litinin da azahar Falalu ya zo asibiti. Wannan karon ita ta fito da kanta tun kafin ya kashe babur.

"Wacce ka miƙa?"

"Ja," ya ce. "Ɗayar na ƙone ta tun ranar. Safara'u, ki yahe mini. Na ji kunyar kaina."

Ba ta ce ta yafe ba, amma ta zauna a kan wani benci ta matsa masa wuri. Ta gaya masa Taiba ta fara shan kunu. Ta gaya masa an rufe rijiya. Sannan ta faɗa masa sharaɗin Malam, kuma karon farko cikin kwanaki ta ji murmushi na neman zuwa mata.

"Ai wannan aikinka ne. Kwana nawa zai ɗauke ka?"

Falalu bai yi murmushi ba.

"Na riga na auna. Layi goma sha huɗu munka ja a kewayen shiyarku."

"To?"

Ya zaro babbar taswira ya shimfiɗa a kan gwiwarsa. Ja ne ko'ina, daga masallaci har bakin gulbi, sai ɗan rawaya jefi-jefi. Can gabas, a kan tudu, akwai wani ɗan fili kore, bai fi tafin hannun jariri ba.

"Nan kaɗai ne laka ta yi kauri. Ko ambaliya ta kai wuya, ruwan da ke ƙarƙashin nan ba abin da zai taɓa shi. Babu wani wuri sai shi."

"Alhamdu lillahi! Sai a je a roƙi mai wurin. Gonar wa ce?"

Ya ɗago ya dube ta, ya tura mata taswirar.

Ta sake kallon taswirar. Ta bi hanyar Mafara da yatsa, ta wuce makabarta, ta wuce tsamiya biyu, ta tsaya a kan koren. Ta san gonar. Kowa ya san ta, don ita kaɗai ce aka kewaye da waya a duk gabashin gari.

"Falalu," ta ce, "ce mini ba tashi ba ce."

"Ta Alhaji Arzika ce. Ya ga koren nan tun ranar da na kai mishi takarda. Kuma da sahe anka gaya mini ya sa an ƙara mata ƙohwar ƙarhe."